Wa Ya Tayar da Mataccen Babur?

Daw Ngwe ce ta fara gani. Da sassafe ta zo da tsintsiya da tulun ruwa kamar kullum, ta tuɓe takalmi a bakin katanga, ta buɗe kwaɗon haikalin da mutanen ƙauyen Tamabin ke kira Tsamiya Biyu. Kwaɗo lafiyarsa ƙalau. Sai da ta shiga ta durƙusa, ta kai goshi ƙasa ta ɗago, sannan ta gane bango take gaisarwa. Ƙaramin mutum-mutumin Buda na dutse, wanda bai wuce kamu ɗaya ba, wanda ke zaune cikin alkukin nan tun kafin a haifi kakan kakanta, babu shi babu dalilinsa.

Kafin labari ya kai ofishin 'yan sanda na Nyaung-U, ƙauye ya riga ya yi bincikensa, ya yi shari'arsa, ya yanke hukunci. Sufeto Ohn Mar tana bakin ƙofa da kofin shayi sai ga taro ya taso ƙeyar wani mutum, riga a yage, leɓe a fashe, katinsa na ɗan jagora yana reto a wuya. Ta san shi. San Nyein ne, mai zagayawa da baƙi cikin tsofaffin haikalan Bagan a kan babura masu caji, shi a gaba da 'yar tutarsa rawaya, su a baya kamar 'ya'yan agwagwa.

Mai jan taron U Chit Pe ne, shugaban kwamitin kula da haikalin, kuma mai shagon hayar baburan da San Nyein ke ɗauka. Farar riga, carbi a hannu, fuska a murtuke.

"Sufeto, mun kawo miki ɓarawo," in ji shi.

"Kun dai kawo mini mutum, Kawu, kuma kun fasa masa baki. Wa ya gan shi?"

"Makulli ɗaya ne. Jiya a hannunsa ya wuni. Kwaɗo kuwa ba a fasa ba. U Po Htin mai keken doki ya ga babur ɗin yaron nan yana barin wurin da kaya."

Daga can baya wani ya ɗaga murya: "Kakanninsa abincin Buda suke cinyewa, shi kuwa ya haɗa da mai abincin." Aka bushe da dariya.

Dariyar nan ta ƙona wa Ohn Mar rai fiye da fasasshen leɓen. San Nyein jikan bayin haikali ne, mutanen da sarakunan zamanin da suka ba wa haikalai kyauta su da zuri'arsu. Doka ta soke wannan tun kafin a haifi duk wanda ke tsaye a wurin, amma bakin mutane bai san an soke ba. Har yau in ana biki akwai mai ware musu kofi, in an zo neman aure akwai mai tono kaka. A gidansu shi ne na farko da ya rataya katin jagora, bayan ya koya wa kansa harsuna biyu a bakin ƙofofin haikalai. In wannan sata ta manne masa, ga kurkuku, ga kati ya tafi, ga abin da ake faɗa a kan gidansu a ɓoye ya zama abin faɗa a kasuwa.

"Ku watse," in ji ta. "Wanda ya rage a nan bayan na ƙare shayin nan, shi zan fara tambaya wa ya yi dukan."

Ta sa Kofur Aye Lwin ya shigar da San Nyein ciki, don ko ba komai ɗakin tsaro ya fi masa titi lafiya. Ta miƙa masa ruwa, ta ja kujera.

"Ba ni labarin jiya."

"Baƙi biyu ne, Sufeto, miji da mata, 'yan ƙasar Holan. Bayan cin abincin rana na karɓi makulli wurin Kaka Ngwe, na nuna musu zanen bango da Budan, na kulle da hannuna. Muna kan hanyar yashi, daidai giginyar nan mai karkata, babur ɗina ya mutu."

"Ya mutu ko ka kashe shi?"

"Ya mutu murus. Baturen ma ya gwada. Na buga wa Kawu Chit Pe waya kamar yadda aka saba, ya ce in bar shi nan in bi baƙina, za a zo a ɗauka. Matar ta hau bayan mijinta, ni na hau nata."

"Makullin haikali fa?"

Ya sunkuyar da kai. "A aljihun gaban babur na mance shi. Sai da na kai su tudun kallon faɗuwar rana na tuna. Na bar su can na koma, na tarar babu babur. Na ce to, shago sun ɗauka."

"Rana ta faɗi a lokacin?"

"Da sauranta."

"Wa ya gan ka a hanya?"

"Shanu."

"Shanu ba sa zuwa kotu. Daga nan fa?"

"Da muka mayar da babura da yamma na ga nawa a jikin caji, makulli yana inda na bar shi. Na kai wa Kaka Ngwe har gida."

"Babur ɗin ya saba mutuwa a hanya?"

"Da can ko kusa. Kwanakin nan ne ya tsiri halin. Ni har na fara tunanin ko na yi wa wurin laifi ne, don duk ranar da na nufi Tsamiya Biyu sai ya yi mini haka." Ya ɗago ido. "Sufeto, ko furen da ya bushe a gaban Buda ban taɓa ɗauka ba. Na san ana kallon hannuna tun ina yaro."

Ta bar shi a nan, don ba ta alkawari kafin ta ga ƙarshen hanya. Ta fito ta tarar U Chit Pe bai tafi ba, yana zaune a benci yana jan carbi.

"Kawu, yaushe aka ɗauko babur ɗin?"

"Bayan faɗuwar rana. Ni da kaina na ɗora shi a keken kaya, a mace. Ban san da wani makulli ba." Ya yi ajiyar zuciya. "Ni na ba yaron nan dama lokacin da kowa ya ƙi. Ga sakayya."

A Tsamiya Biyu, Daw Ngwe tana zaune a gindin tsamiya tana kuka, ba ta ko share wurin ba, kuma wannan ya yi wa Ohn Mar daɗi. Ta tuɓe takalmi ta shiga. Kwaɗo babu ƙarzuwa. A cikin alkuki ba a ɓanɓare komai ba, an ɗaga dutsen ne cak da hannu biyu. A ƙasa kuwa, gaban alkukin, ga guntun kyandir da tokar turare.

"Kaka, ke kika kunna wannan?"

"Ni da safe nake kunnawa, 'yata, kuma a kan faranti. Wannan ba nawa ba ne."

Wato ɓarawon sai da ya kunna kyandir, ya durƙusa, ya nemi gafara, sannan ya yi satar. Ta fito waje ta bi yashi da ido. Sawun babura da yawa sun taka juna, amma na ƙarshe yana sama, a fili. Sawun zuwa a miƙe yake. Na komawa yana tangaɗi hagu da dama kamar na wanda ya sha bammi ya ƙoshi.

Baturen, Maarten, ta same shi a masaukinsa yana shafa mai a ƙonannen hanci. Bai ɗauke ta lokaci ba. Ya tabbatar babur ɗin ya mutu, shi da kansa ya murɗa har ya gaji. Ya tabbatar San Nyein ya bar su a tudu ya dawo daga baya. Shi da matarsa kuwa ba su motsa ba, ga hotunansu cikin taron masu kallon rana. Mutumin da sai da aka roƙe shi kafin ya cire safa a ƙofar haikali ba shi ne zai tsaya kunna kyandir ba. Ta sallame shi.

U Po Htin mai keken doki yana inuwar darbejiya yana ba dokinsa ruwa, baki jajir da kun, ganyen da ake taunawa a ƙasar kamar goro. Duk garin an san ba ya ga maciji da masu babura, tun da suka zo suka janye masa baƙi.

"Ƙarfen banza," in ji shi tun kafin ta tambaye shi. "Ba ya haniniya, ba ya gane gida, sai mutuwa a tsakar hanya. Doki ya taɓa mutuwa don an ɗauke wuta?"

"Kawu, ka san inda San Nyein ke ajiye makulli?"

"Kowa ya sani. To sai me? Kina nufin ni? Ni da ban taɓa ɗora ƙafa a kan abin nan ba? Jiya tun rana tsaka ina tare da wasu mata huɗu daga Yangon, sun cika mini kunne da ciwon gwiwa. Je ki tambaye su."

"Zan tambaya. Me ka gani?"

"Babur mai tuta rawaya ya fito daga hanyar Tsamiya Biyu. Mutum da hular kaba, ya rufe hanci da ƙyalle kamar kowa. Yana tafe a hankali, hannu ɗaya a kan babur, ɗayan ya tallafe wani farin ƙunshi a kafaɗar dama."

"Ka ga fuska?"

"Ban gani ba."

"To me ya sa ka ce San Nyein ne?"

"Babur ɗinsa ne mana." Ya tofar da jan yawu. "Kuma kin san su."

"Ban san su ba. Rana ta faɗi?"

"Da saura. Inuwar doki ta yi tsawo dai."

"Cikin yashi da hannu ɗaya ai neman faɗuwa ne. Me ya hana shi ajiye ƙunshin a wurin sa ƙafa, ko ƙarƙashin kujera?"

Tsohon ya dube ta kamar ta zage shi. "Buda? A ƙasan ƙafa? Ya zauna a kansa? Sufeto, ke 'yar ina ce?"

"'Yar nan ce, Kawu. So nake in ji daga bakinka."

Matan Yangon sun tabbatar da maganarsa, har da ƙarin bayani kan gwiwa. Ohn Mar da kofur suka zauna a shagon shayi, aka kawo musu kwaɗon ganyen shayi da soyayyen wake. Aye Lwin ya ce shi fa har yanzu a kan ɗan jagoran ya tsaya: ya bar baƙinsa, babu mai shaidar inda ya je, kuma an ga babur ɗinsa.

"An ga babur ɗinsa yana tafiya," in ji ta. "Bature ya ce ya mutu. San Nyein ya ce ya mutu. U Chit Pe ya ce a mace ya ɗauko shi bayan faɗuwar rana. To a tsakani wa ya tayar da shi ya je haikali?"

"Ƙila ya huta ne ya tashi."

"Kai ne ke hutawa ka tashi. Babur mai caji sai an sa masa wani batir. San Nyein yana yawo da batir a ɗaurin zanensa?"

Kofur ya daina tauna. "Sufeto, shugaban kwamiti ne fa. Shi ya gyara rufin gidan sufaye bara. Babu mai sa miki hannu a takardar binciken gidansa."

"Na sani. Shi ya sa gaisuwa za mu je."

Shagon U Chit Pe yana kan babban titi, gidan katako mai hawa biyu, babura jere a gaba. Mai gidan ya tafi taron kwamiti. Matarsa, Daw Kyin Mya, tana tsakar gida tana shanya zannuwanta a kan wata gajeriyar katanga, tsakanin tsofaffin tayoyi da wani keken kaya mai ƙafa uku da aka ɗora a kan bulo, babu taya ɗaya, yanar gizo ta cika shi.

"Goggo, sannu da aiki. A nan ake shanya? Ai kaji za su tattake miki."

"Bari kawai, 'yata. Shekara da shekaru a barandar sama nake shanya. Jiya da yamma mutumin nan ya tashi ya ce kada in ƙara hawa sama, wai gara ta cinye katako. Ɗakina fa! A shago na kwana kan tabarma, tsakanin babura, sauro ya yi biki."

"Gara a dare ɗaya?"

"Shi na gani. Katakon da ko ƙusa ba ta shigarsa da daɗi."

"Halin maza ne. Jiya ma na ji ya sha wahalar ɗauko babur ɗin San Nyein."

"Wace wahala? Ni na kai shi a bayana, batir a tsakanin ƙafafuna, rana na dukanmu. Na sauke shi gindin giginya na dawo. Shi ne bai shigo ba sai can, ta ƙofar baya, ya wuce ɗakin batir ya kulle. Ko ruwa bai nema ba."

Ohn Mar ta ɗaga kai. Ɗakin batir yana ƙasa, a kusurwar gabas, da sabon kwaɗo. Daidai samansa taga ce mai labule, ga igiyar shanya babu komai a kanta.

Ana haka U Chit Pe ya shigo, tare da dattawan kwamiti biyu. Da ya gan ta ya ɗan tsaya, sannan ya saki fuska.

"Sufeto. An kai shi kotu?"

"Tukuna, Kawu. Goggo ta ce gara ta shiga muku sama. Gidanmu ma ta taɓa yi, na san alamarta. Bari in duba muku."

"Kada ki wahalar da kanki."

"Ba wahala." Ta tuɓe takalmi a gindin matakala, ta gyara ɗaurin zanen aikinta, ta fara hawa.

Ya biyo ta da sauri, dattawa da kofur a bayansa. A ɗakin gaba ta buga ƙafa, katako ya amsa garau. U Chit Pe bai hana ta ba. Ta leƙa ɗakin ibada, ta rusuna, ta wuce. Nan ma bai hana ta ba. Ta juya gabas, ta kama labulen ɗakin matarsa.

"Can ne ya ruɓe," in ji shi. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"To bari in gani."

Ta sa ƙafa ɗaya. Ya sha gabanta, ya ware hannuwa a bakin ƙofar.

"Ba za ki taka nan ba."

"In katako ya karye ni zan faɗa, ba kai ba."

"Na ce ba za ki taka ba. Ke mace ce, da zane a jikinki."

Dattawan nan biyu suka dubi juna. Duk wanda ya tashi a ƙasar ya san abu ɗaya ne zanen mace ba ya bi ta samansa har a tare ƙofa haka: Buda.

"Zanena ya sha hawa benen mutane, Kawu, bai taɓa karya katako ba," in ji Ohn Mar a hankali. "Me ke ƙarƙashin ɗakin nan? Ko dai ka ba kofur makullin ɗakin batir, ko in shiga in zagaya ɗakin kusurwa-kusurwa. Zaɓi naka ne."

Ta ɗaga ɗaya ƙafar. Sai ya sa hannu a aljihu.

A ɗakin batir, can saman kanta mafi tsawo, sama da kan kowa, an shimfiɗa farin ƙyalle sabo. Budan Tsamiya Biyu yana zaune a kai, fuskarsa gabas. A gabansa kofin ruwa mai sanyi, da furen da aka tsinko a safiyar nan, da 'yar shinkafa a faranti. Ohn Mar ta tsaya tana kallon furen, ranta yana tafasa. Wato da safen nan sai da mutumin ya canza ruwa, ya jera fure, sannan ya fita ya ja taro aka fasa wa marar laifi baki.

Ta aiki kofur ya zo da San Nyein. Kafin su iso titi ya cika, yawancinsu fuskokin da ta gani da safe ne. Ɗaya daga cikin dattawan ya matso kusa da kunnenta.

"'Yata, tunda an samu, ai magana ta ƙare. A mayar da shi a hankali, a ce an tsince shi a gona. Yaron kuma a sake shi, a ce ba a samu hujja ba. Mutuncin kwamiti ne, da na ƙauye."

"A ce ba a samu hujja ba," in ji ta da ƙarfi, yadda na bakin titi za su ji. "Don gobe ku ce ya sha da ƙyar ne, ku ci gaba da ware masa kofi. A gaban mutane aka kira shi ɓarawo, Kawu. A gabansu za a janye."

Ta tsaya a kan dakalin shago, U Chit Pe a gefenta, San Nyein a gindin matakala.

"Kowace safiya mai shago yana tambayar ɗan jagora inda za shi, don in babur ya mutu a san inda za a neme shi. Duk ranar da San Nyein ya ce Tsamiya Biyu, sai a sa masa batir mai rauni. Ana jiran ranar da gaggawa za ta sa ya mance makulli. Jiya ya mance. U Chit Pe ya ce mini bayan faɗuwar rana ya ɗauko babur a keken kaya. Ga keken can a kan bulo, gizo-gizo ya yi gida. Da rana ya je, da sabon batir. Ya tayar da babur mai tuta rawaya, ya hau shi da gangan don duk wanda ya hango ya ce ɗan jagora ne. Ya buɗe haikali, ya kunna kyandir, ya nemi gafara. Bai iya sa Buda a ƙasan ƙafa ba, sai ya ɗauko shi a kafaɗa. Bai iya binne shi ba, bai iya tura shi ƙarƙashin gado ba. Ɗakin ibadarsa kuwa kullum da baƙi, za a gane. Sai ya kulle shi a ɗakin batir, sannan ya tuna matarsa a sama take kwana."

Daw Kyin Mya ta dafe ƙirji. "Wato ni ce garar."

Ba wanda ya yi dariya. U Chit Pe ya gyara murya, har yanzu da sauran isa a cikinta.

"Ban yi sata ba. Gayyato shi na yi. Mai duba ya ce mini in tsohon Buda ya zauna gidana yana kallon gabas, abin da ya tsaya mini zai motsa. A can jemagu ke masa kashi, baƙi suna miƙe masa ƙafa. A nan kuwa kun ga yadda na riƙe shi."

"Mun gani," in ji Ohn Mar. "Mun kuma ga yadda ka riƙe mutum. Kofur, sa masa ankwa."

San Nyein ya tako gaba. Leɓensa ya kumbura, maganar da ƙyar take fita.

"Sufeto, ki bar ni in tambaye shi abu ɗaya." Ta gyaɗa kai. Ya juya. "Kawu, 'yan jagora nawa ke ɗaukar babur a shagonka? Dukanmu muna karɓar makullin nan. Tun ina tallan katin hoto a ƙofar haikali ka san ni. Na taɓa yi maka wani abu?"

"Ba ka taɓa ba."

"To me ya sa ni?"

U Chit Pe ya dubi ankwar da ke hannunsa, sannan ya ɗaga kai ya dubi titi, ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya: mai shagon shayi, mai keken doki, dattawan kwamiti, mutumin da ya yi ba'ar abincin Buda.

"In wani na ce, sai sun tambaye ni hujja," in ji shi. "Kai kuwa na san ba za su tambaya ba."

Ohn Mar ta jira. Da gangan ta jira, ta ba su lokaci mai tsawo, ko za a samu mutum ɗaya cikin taron nan da zai ce ƙarya yake yi. Mai shayi ya duƙa yana gyara takalmi. U Po Htin ya juya yana duba linzamin dokinsa. Ba a samu ba.